Na'urar Auna Matsin Cikin Ƙoƙon Kai: Shin Rashinta Ya Isa a Ɗaga Mara Lafiya?

"Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena mai shekara 24 ya faɗi a babur kwana uku da suka wuce, kansa ya bugi gefen kwalbati, kuma babu hular kwano a kansa. Tun ranar bai farfaɗo ba. Yana sashen kulawa ta musamman, inji ne ke taya shi numfashi. An yi masa hoton CT sau biyu, likitoci sun ce ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, amma babu gudan jinin da za a yi tiyata a cire. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a ƙasar waje ya ce a can ana huda kai a saka wata na'ura mai nuna yawan matsin da ke ciki. Mun tambaya, aka ce babu ita a asibitin. Yanzu gida ya rabu biyu: wasu na cewa a ɗauke shi a kai inda ake da ita ko da za a sayar da gona, wasu na cewa a bar shi. Ni ce babbar yayarsa, ni ke kwana a asibitin. Mece ce wannan na'ura, yaya take aiki, kuma rashinta zai iya sa mu rasa shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, sannu da jinya, sannu da kwanan zaune. Allah Ya ba ki ladan zumunci, shi kuma Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Idan na fahimce ki, abu uku kike nema: ki san na'urar, ki san yadda take aiki, sannan ki san ko rashinta ya isa dalilin ɗaga mara lafiya daga gadon da yake a kai shi wani gari. Na ukun ne ke hana ki barci, don haka da shi zan fara. Ɗan'uwanku gaskiya ya faɗa. Na'urar tana nan, kuma a manyan asibitocin Turai da Amurka, mai rauni irin na ƙanenki galibi da ita zai kwana a kansa. Sai dai abin awo ce. Ba ta sauke kumburi, ba ta gyara abin da ya ƙuje a ƙwaƙwalwa. Lamba take nuna wa likita, shi kuma ya yanke abin da zai yi. Magungunan da ake bayarwa idan lambar ta hau, su ne dai ake ba wanda ba a saka masa ita ba, idan alamun jikinsa da hoto suka nuna matsi ya hau. Ni likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, na yi aiki a inda ake da ita, na yi a inda babu, kuma daga wuraren biyu zan yi miki bayani.

Abin da ya raba kumburin kai da na ƙafa

Idan ƙafa ta bugu ta kumbura, fata na miƙewa ta ba kumburin wuri. Ƙoƙon kan babban mutum ba ya miƙewa. Akwatin ƙashi ne a rufe, babbar ƙofarsa ɗaya ce tak, a ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka. Abu uku ne suka cika shi maƙil: ƙwaƙwalwa kusan kashi 80 cikin 100, jini kusan kashi 10, sai wani ruwa garai-garai, shi ma kusan kashi 10. Ana samar da wannan ruwa a wasu ramuka huɗu da ke can cikin ƙwaƙwalwa, ya zagaya ta, ya gangara kewayen laka, daga baya jini ya shanye shi. A kowane lokaci bai fi mililita 150 ba a jikin babba, amma a kwana guda jiki na yin kusan mililita 500, wato cikin ledar fiya-wata ɗaya. Kin ga ke nan kusan sau uku yake sabuntawa kullum.

Tun a 1783 wani likitan Edinbara a Sukotland, Alexander Monro, ya lura cewa tunda akwatin ba ya faɗaɗa, in ɗaya daga abin da ke ciki ya ƙaru, dole wani ya ragu. George Kellie ya ƙarfafa maganar a 1824, kuma har gobe a kanta muke aiki. Idan ƙwaƙwalwa ta fara kumbura, jiki kan tura ruwan nan ƙasa wajen laka, ya matse jinin da ke jijiyoyin fita. Muddin akwai abin turawa, matsin ba ya hawa sosai, mara lafiya kamar yana nan yadda yake. Ranar da abin turawa ya ƙare, ɗan ƙarin kumburi kaɗan sai ya harba matsin sama. Shi ya sa mai raunin kai zai wuni lafiya lau a idon 'yan'uwansa, cikin dare kuma abu ya rikice. Kumburin yakan fi tsanani daga kwana na biyu zuwa na biyar, wani lokaci ya ɗan zarce. Ki riƙe wannan, domin ƙanenki yana tsakiyar waɗannan kwanakin.

Ana auna matsin da milimita na zaiba, ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Babban mutum mai lafiya, a kwance, nasa yana tsakanin 5 da 15. Ƙa'idar da gidauniyar raunin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2016 ta ce a tashi tsaye idan ya wuce 22. Ɓarnarsa ta hanya biyu ce. Ta farko, yana tare wa jini hanya. Zuciya ce ke turo jini sama, matsin cikin kai kuma yana tura shi baya, abin da ya rage tsakaninsu shi ne ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Idan matsakaicin ƙarfin jinin mutum 80 ne, matsin kansa kuma 10, saura 70, lafiya lau. Idan matsin kan ya kai 30, saura 50, ƙwaƙwalwa ta fara yunwa, alhali abin da muke so ya tsaya tsakanin 60 da 70. Ta biyu ta fi muni: ƙwaƙwalwar da ta rasa wuri takan fara cusa kanta ta duk kafar da ta samu, har ta danne kututturenta, inda numfashi da farkawa suke.

Bututun da ake kaiwa ramin ƙwaƙwalwa

Likitocin Faransa biyu, Guillaume da Janny, su suka fara auna matsin kai tsaye ba yankewa daga ramin ƙwaƙwalwa a 1951. Amma wanda ya kafa abin sosai shi ne Nils Lundberg na birnin Lund a Suwidin, a 1960. Ya bar na'ura tana zana matsin a takarda dare da rana, sai ya ga ashe ba ya tsayawa wuri ɗaya. A wasu marasa lafiya yakan yi tsalle ya wuce 50, ya zauna can minti 5 zuwa 20, sannan ya sauko. Wanda ya auna sau ɗaya ya tafi ba zai taɓa ganin wannan ba. A nan darajar na'urar take, kuma ba zan rage mata ita ba.

Hanyar Lundberg ita ce har yau ake gwada sauran da ita. Likitoci kan ce mata EVD, wato bututun da ke fitar da ruwan ramin ƙwaƙwalwa zuwa waje. Ana aske gaban kai, yawanci ɓangaren dama, a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗan tsaga fata a wani wuri kimanin santimita 11 daga karan hanci zuwa baya, santimita 3 daga tsakiyar kai zuwa gefe. A huda ƙashi, huda ƙarama, a tura wani siririn bututu mai laushi cikin ƙwaƙwalwa zurfin santimita 5 zuwa 7. Idan bakinsa ya faɗa ramin, hannun likita kan ji wani ɗan sakewa, sai ruwa ya fara ɗigowa yana motsi tare da bugun zuciya. Daga nan a bi da bututun ta ƙarƙashin fata ya fito ɗan nesa da hudar, a ɗinke, a haɗa shi da wani tiyo mai ma'auni da jakar tara ruwa.

Idan kin taɓa ganin magina suna daidaita lebur ɗin gini da siririn tiyo mai ruwa a ciki, kin riga kin gane aikinsa. Ruwan cikin kai da na cikin tiyon a haɗe suke, don haka tsayin da ruwan ya hau a tiyon shi ne matsin. Milimita 1 na zaiba daidai yake da santimita 1.36 na ruwa, wato 22 ɗin nan kusan santimita 30 ke nan. Ana iya karantawa da ido a jikin ma'auni, ana kuma iya haɗa shi da allon da ke gefen gado ya riƙa nuna lamba da zane. A zanen, kowane bugun zuciya na fitar da 'yan tuddai uku, na farko ya fi tsawo. Idan na biyu ya fara ɗara na farko, mun san wurin ajiya ya kusa ƙarewa, ko da lambar ba ta hau ba tukuna.

Fifikon wannan bututu shi ne yana awo yana kuma magani. Matsi ya hau, a buɗe famfo a bar ruwa kaɗan ya fita, sau da yawa kana tsaye lambar za ta sauko. A duk na'urorin da zan ambata, shi kaɗai ke da wannan.

Amma yana da wuyar sha'ani. Sifirin ma'aunin dole ya yi daidai da ɗan guringuntsin nan da ke bakin ramin kunne, domin nan ne saitin ramin ƙwaƙwalwa. Aka ɗaga gado ko aka sauke, sai an sake saiti, in ba haka ba lambar ƙarya za ta nuna, ruwan kuma ya fita fiye da kima ko ya ƙi fita. Na taɓa ganin wani bawan Allah, ƙanin mahaifin mara lafiya, ya shigo dubiya ya ga ma'aunin da jakarsa a rataye sama. A tunaninsa irin jakar fitsari ce da aka manta ba a sauke ba, sai ya kwance ya ajiye ƙasan gado, da kyakkyawar niyya. Kafin nas ta juyo, ruwa ya zubo da yawa. Allah Ya kiyaye, aka rufe famfon da wuri. Tun ranar ba na barin mai irin wannan bututu sai na zaunar da 'yan'uwansa na nuna musu abin da ba a taɓawa.

Babbar fargabarmu kuwa ƙwayoyin cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bututun nan kuma tsaga ce daga waje har tsakiyar ƙwaƙwalwa. Yawan kwanakinsa da yawan taɓa shi, yawan haɗarin sanƙarau. Yana iya jawo zubar jini a hanyar da ya bi, yana iya toshewa, ba a kuma saka shi ga wanda jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata sai an gyara. Sannan ga abin da ya shafi ƙanenki kai tsaye: ƙwaƙwalwar saurayi cike take da ƙoƙonta, idan ta kumbura ramukan kan matse su koma kamar tsagar reza. Samun irin wannan rami da bututu ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kowane gwaji hanya ce sabuwa ake ratsawa cikin ƙwaƙwalwa.

Wayar da ake dasawa cikin naman ƙwaƙwalwa

Ina zaton wannan ɗan'uwanku ya gani. Waya ce siririya, a bakinta akwai ɗan abin jin matsi, ana tura ta kamar santimita 2 cikin naman ƙwaƙwalwa ta wata ƙaramar huda, galibi a gadon mara lafiya ba sai an je ɗakin tiyata ba. Akwai mai aiki da haske irin ta Camino, akwai masu ɗan guntun lantarki a baki irin na Codman da Raumedic, akwai ta Spiegelberg mai 'yar jakar iska. Saka ta ya fi sauƙi, ba ruwanta da matsewar rami, haɗarin cutar ya fi ƙanƙanta, ba a kuma fama da saitin kunne. Aibinta, ba ta fitar da ruwa ko ɗigo. Yawancinsu sau ɗaya ake saita su kafin a dasa, in awon ya fara karkata bayan kwanaki, babu halin gyarawa sai dai a cire. Kuma matsin inda take zaune take faɗa. Gudan jini na iya taruwa a gefen kai wajen kunne ya danne kututturen ƙwaƙwalwa, lambar da ke allo ba ta kai abin tsoro ba.

Dalilin ƙarancinta a asibitocinmu ba ɓoyayye ba ne. Kowace waya mutum ɗaya ake saka wa a yar, da kuɗin waje ake sayo ta, tana bukatar akwatin karatu na kamfaninta, da wutar da ba ta yankewa, da nas da za ta zauna kusa da mara lafiya ɗaya ko biyu kacal. Lambar da ba mai kallonta da ƙarfe ukun dare ba ta da amfani.

Akwai tsofaffin hanyoyi, kamar kusar da ake ɗaurawa a ƙashi ta tsaya a saman ƙwaƙwalwa, amma awonsu bai kai na waɗannan biyu inganci ba, an rage amfani da su. Akwai kuma waɗanda ake dasawa a rufe fata a kai, a riƙa karantawa daga waje, na masu doguwar matsalar taruwar ruwa a kai ne, ba na mai sabon rauni ba.

Wataƙila wani ya ce muku ai ana iya auna matsin da allurar gadon baya. Haka ne, tun 1891 Heinrich Quincke na Jamus ya fara ta, kuma muna yin ta ga masu sanƙarau da wasu masu ciwon kai da ke barazana ga gani. Amma ga mai kumburin ƙwaƙwalwa bayan rauni, haɗari ce babba. Idan aka zare ruwa daga ƙasa alhali sama a matse yake, ƙwaƙwalwa na iya zurmawa cikin ƙofar nan ta ƙasa. Kada ku nemi a yi masa ita.

Inda babu na'ura, da me ake gani?

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Awon farko shi ne ma'aunin farkawa na Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974: buɗe ido, magana, da motsin gaɓoɓi, daga maki 3 zuwa 15. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Na biyu ƙwayar ido, ɗigon baƙin nan na tsakiya. Ana haska ta da tocila a ga ko tana tsukewa, ko biyun girmansu ɗaya. Idan ɗaya ta buɗe ta daina amsa haske, jijiyarta ce ake dannewa. Na uku hoton CT, inda muke duba ko tsakiyar ƙwaƙwalwa ta goce gefe fiye da milimita 5, da ko guraben ruwan da ke kewaye da kututture sun shafe. Akwai kuma sikanin irin na masu juna biyu da ake ɗorawa a kan fatar ido a rufe, a auna kaurin rigar jijiyar gani milimita 3 a bayan ido. Rigar a haɗe take da ruwan cikin kai, in matsi ya hau sai ta buɗe, kuma in ta kai wajen milimita 6 mukan ɗauki abin da muhimmanci. Ba ya ba da lamba kamar waya, amma ba huda, kuma ana iya maimaitawa. Hawan jini tare da raguwar bugun zuciya da rikicewar numfashi, alamun da Harvey Cushing ya bayyana a farkon ƙarni na 20, su kam a makare suke zuwa, ba a jiran su.

An taɓa gwada hanyoyin biyu ƙafa da ƙafa. A 2012 aka wallafa wani bincike da Randall Chesnut ya jagoranta a asibitocin Bolibiya da Ikwado, kan mutum 324 masu mummunan raunin kai. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka dasa musu waya ana bin lamba, rabi ana bin duba jiki da maimaita hoto. Bayan wata shida, mace-mace kashi 39 cikin 100 a ɓangaren na'ura, kashi 41 a ɗaya ɓangaren, bambancin da bai kai a ce na'urar ce ta kawo shi ba. Kada ki ɗora wannan lissafi a kan ƙanenki, domin ya haɗa da manya da waɗanda rauninsu ya fi nasa, kuma ƙuruciya na cikin abin da ke taimakon mai raunin kai.

Sai dai a fahimci binciken da kyau. Waɗanda ba a dasa wa waya ba, ba barinsu aka yi ba. Suna sashen kulawa ta musamman, ana duba su a kai a kai, ana maimaita hoto, ana ba su maganin sauke matsi, har ma sun fi ɗaya rukunin yawan kwanakin shan irin waɗannan magunguna. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, na'urar na taimaka wa likita ya ba da magani daidai lokacin da ake bukata, ya kuma tsaya lokacin da ba a bukata, amma kulawa mai tsanani ba tare da ita ba tana iya kaiwa inda ta kai. Da a ce ina da ita a hannu yau, kuma ga ma'aikatan da za su kula da ita, zan saka wa mai irin raunin ƙanenki, musamman da yake maganin barcin da ake ba mai injin numfashi yana ɓoye wasu alamun. Amma ba zan ɗora shi a mota saboda ita kaɗai ba.

Dare biyu ne suka zaunar min da wannan ra'ayi. Na farko a inda ake da na'ura. Lambar wani saurayi ta tashi daga 14 zuwa 28 cikin 'yan mintoci, har an ɗauko manitol, maganin sauke matsi. Sai babbar nas ta zo ta tsaya a kansa, ta ga kan ya karkata gefe, igiyar da aka ɗaure bututun numfashi da ita ta shaƙe jijiyoyin wuyansa. Ta miƙar da kan, ta zura yatsu biyu ta sassauta igiyar. Muna tsaye lambar ta dawo 17. Jinin da ke fita daga kai ne aka tare wa hanya. Na'ura ta yi ƙara, amma idon nas ne ya gano dalili. Na biyu a inda babu. Wata nas mai zagayawa da 'yar tocila kowace awa ta kira ni wajen ƙarfe uku, ta ce ƙwayar idon hagun wani direba ta fi yadda ta bar ta awa ɗaya baya. Muka gangara da shi hoto, ashe ɗan jinin da muka gani da rana ya taru ya zama guda. Kafin kiran assalatu yana ɗakin tiyata, bayan makonni da ƙafarsa ya fita. Ba na mantawa cewa da akwai waya a kansa, mai yiwuwa da mun sani tun kafin idon ya buɗe. Amma abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, mutum ne da bai yi barci ba, da hoton da ke aiki da dare, da ɗakin tiyata a buɗe.

Abin da ya kamata a ce ana yi masa yanzu

Da na'ura ko babu, aikin ɗaya ne. A ɗaga kan gado kimanin digiri 30, wuya a miƙe. Iskar oksijin ta wadata. Kada ƙarfin jini ya faɗi, ga mai shekarunsa ana so lambar sama ta tsaya 110 ko fiye. A sauke zazzaɓi da wuri, a tare jijjiga, a ba da maganin zafi da na barci don kada ya riƙa kokawa da inji. Idan alamu suka nuna matsi ya hau, a ba da manitol ko ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, su janyo ruwa daga ƙwaƙwalwa, ana yi ana auna gishirin jini da aikin ƙoda. Idan wani ya kawo shawarar allurar sitiroyid don sauke kumburi, ki sani wani babban bincike na 2004 kan mutum sama da 10,000 ya nuna tana ƙara mace-mace ga masu raunin kai. Mataki na ƙarshe tiyata ce, a cire wani faifan ƙashin kai a ba ƙwaƙwalwa wuri, a mayar bayan ta saɓe. Wani bincike na 2016 kan mutum 408 ya nuna tana rage mutuwa, amma wasu daga waɗanda suka rayu sun rayu da naƙasa mai nauyi. Idan aka zo nan, shawara ce da likita zai zauna da ku a yi, ba a tsaye ba.

Maganar ɗauke shi

Ban ga hotonsa ba, ban haska idonsa ba, saboda haka likitan da ke kansa ya fi ni hurumin yanke hukunci. Abin da zan iya ba ki shi ne ma'aunin da za ku auna shawarar da shi. Gobe da safe ki nemi babban likitan sashen, cikin girmamawa, ki tambaye shi: akwai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ke ganinsa, wanda za a samu ko da tsakar dare? Hoton CT na aiki dare da rana? Sau nawa ake duba idonsa da makinsa, kuma makin hawa yake ko sauka? Idan kumburin ya ƙi magani, za a iya yi masa tiyata a nan?

Idan amsoshin nan e ne, ku bar shi inda yake. Tafiyar awa huɗu ko biyar a hanyoyinmu, da gargada da zafi, ga mutumin da inji ke numfasawa, a ranakun da kumburi ya fi tsanani, ita kanta tana iya jawo abin da kuke gudu. Bututun numfashi na iya zamewa, oksijin na iya ƙarewa, jini na iya faɗuwa a inda ba mai ɗaga shi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Idan kuwa babu likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ko hoto sai an fita da shi wani wuri, to akwai dalilin sauya asibiti, amma dalilin su ne, ba na'urar ba. A arewacin Najeriya akwai sassan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Ko a hakan, likita ne zai kira likita, a tabbatar akwai gado da inji suna jira, a tafi a motar asibiti mai injin numfashi da oksijin isasshe da ma'aikacin da ya iya, ba a motar gida ba.

Game da gona, ki gaya wa iyayenku maza su dakata tukuna. Idan har za a taɓa ta, akwai inda kuɗin zai fi amfani: maimaita hoto a daren da aka bukata ba tare da jiran a haɗo kuɗi ba, magunguna, gwajin jini na kullum, kuɗin gado, da watannin gashi da koyon tafiya da magana da ke iya biyo baya. Na sha ganin iyalin da suka ƙarar da komai a makon farko, aka zo doguwar jinya hannu babu komai.

Ke kuma da kike kwana a wurin, akwai aikinki. Kada kowa ya sauke kan gadon ko ya cusa masa filo ya lanƙwasa wuyansa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko zamzam ta baki, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin ke tafiya. Addu'a da tofi da karatu a hankali kusa da kunnensa, babu mai hana ku. A rage masu shiga dubiya. Idan kin ga jikinsa ya yi zafi, ko wani sashe na jijjiga, ko ya sanƙare hannuwa da ƙafafu, ko ido ɗaya ya bambanta da ɗaya, ki kira nas nan take, kada ki ji nauyin tashin kowa. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta makinsa na kowace safiya da abin da aka ce game da idonsa. Idan kin samu amsoshin tambayoyin nan huɗu da abin da aka rubuta a sakamakon hoton na biyu, ki turo min, sai mu duba tare.